Yadda Mai Bi Zai Sami Ƙarfin Zuciya Daga Alherin Mutumin da Bai Sani Ba

Akwai lokacin da mai bi, wato Kirista, zai durƙusa addu'a ya ji kamar da bango yake magana. Idonsa na kan aya, hankalinsa na kan bashi ko kan mara lafiyan da ya bari a kwance. Sau da yawa a irin wannan hali ne wani da bai taɓa gani ba zai tsaya ya taya shi tura motar da ta mace a hanya, ko wata mata a layin asibiti ta matsa masa wuri ta ce, "Zauna, na ga ka gaji." Abin ba ya wuce minti biyu. A ce an gode, kowa ya kama gabansa, kafin dare an manta.

Asara ce a bar irin wannan abu ya wuce haka. Ɗan'uwa idan ya taimake ka, jini ne ya ja shi. Aboki kuwa akwai bashin zumunci tsakaninku. Amma wanda bai san ka ba, ba ka bin sa komai, ba ya kuma sa ran sake ganinka. Shi ya sa taimakonsa ya fi kowane kama da abin da Allah ya yi mana. Kalma ɗaya ma muke amfani da ita ga duka biyun: alheri muke kiran abin da mutumin kirki ya yi, alheri kuma Afisawa 2:8 ta kira abin da aka cece mu da shi. Mai bi zai iya koyon yadda zai riƙe waɗannan ƙananan abubuwa har su zama abincin bangaskiyarsa, amma akwai yadda ake yi, akwai kuma wuraren da ake tuntuɓe.

Ka san matsayin mutumin tukuna

Ɗan aike ne. Yakubu 1:17 ta ce kowace kyakkyawar baiwa daga sama take, daga wurin Uba. Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus a ƙarni na 16, yakan kwatanta mutane cikin ayyukansu na yau da kullum da abin rufe fuska da Allah yake sawa ya yi mana hidima ba tare da mun gan shi ba. Mutumin yana da haƙƙin godiya ta gaske, domin da kansa ya zaɓi ya tsaya. Dogara kuwa ta Mai aiken ce.

Kada ka damu da ko shi mai bi ne. Gwauruwar da ta ciyar da annabi Iliya a Zarefat daga yankin Sidon take, ba Ba'isra'iliya ba ce, Yesu da kansa ya nuna wannan a Luka 4:26, har masu sauraronsa suka fusata. Mutanen tsibirin Malita da suka hura wa manzo Bulus wuta bayan jirgin ruwan da yake ciki ya farfashe ba su san Almasihu ba. Wanda ya ce sai ta hannun ɗan ikilisiyarsu Allah zai taimake shi, zai wuce rabin tanadin da aka yi masa bai gani ba.

Ka yarda a taimake ka

Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa tun ba a fara ba. An miƙo hannu, sai baki ya riga zuciya: "A'a, ba komai, na gode." Bayan mutumin ya tafi kuma a koma ana cewa Allah ya yi shiru. Girman kai ne sanye da rigar kunya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bitrus ma ya gwada wannan lokacin da Yesu ya zo wanke masa ƙafa, amsar da ya samu a Yahaya 13:8 ba mai laushi ba ce.

Abin yi mai sauƙi ne, sai dai yana son a saba. Idan wani ya ce zai taimaka, ka ja numfashi ɗaya kafin ka amsa. Wannan ɗan jinkirin ne yake hana bakin da ya saba ƙi ya yi aikinsa. Ka tambayi kanka abu biyu: ina bukata? akwai haɗari? Idan kana bukata kuma ba haɗari, ka karɓa. Ka dubi fuskarsa, ka faɗi takamaiman abin da ya yi maka: "Na gode da ka tsaya, da ban san yadda zan yi da wannan kaya ba." Godiya mai suna ta fi "na gode" tsirara zama a zuciyar mai ji da ta mai faɗa. In kana so ka ƙara da "Allah ya sāka da alheri," ka ƙara. Kada dai ka mai da wurin mumbarin wa'azi. Mutumin da ya ɗauko maka jakar da ka manta ba darasi ya zo nema ba. Kada kuma ka yi ta cusa masa kuɗi bayan ya ƙi sau ɗaya. Mai yin haka so yake ya biya ya huta, don kada a ce wani ya yi masa alheri kyauta.

Rubuta shi kafin ka kwanta

Zuciyar da ke cikin damuwa tana riƙe ɓacin rai kamar danƙo, alheri kuwa ya zame mata kamar ruwa a bayan agwagwa. Saboda haka ba a barin aikin tunawa ga ƙwaƙwalwa kaɗai. Isra'ilawa da suka haye Urdun, duwatsu 12 aka ce su ɗebo daga tsakiyar kogin su kafa a Gilgal, domin gobe 'ya'yansu su tambaya a ba su labari (Joshuwa 4). Sama'ila ya kafa dutse guda ya sa masa suna Ebenezer, yana nufin Ubangiji ya taimake su har zuwa nan (1 Sama'ila 7:12). George Müller, wanda ya kula da marayu fiye da 10,000 a birnin Bristol na Ingila kafin rasuwarsa a 1898, ya shahara da rubuta kowace kyauta da ta shigo, komai ƙanƙantarta, tare da bukatar da ta zo ta biya.

Ka sami ɗan littafin rubutu da ba ka haɗa shi da lissafin kuɗi ko wani abu ba. Waya ma ta yi, illa dai saƙonni kan janye hankali kafin a gama layi na biyu. Ka ware minti 10 da dare. Kowane abu layi huɗu ya ishe shi: kwanan wata da wurin, halin da kake ciki kafin abin ya faru, abin da mutumin ya yi ko ya faɗa, da kalmominsa in ka tuna, sai abin da ya canja bayan haka.

Layi na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi amfani. "Wani ya nuna mini hanya" ba zai motsa ka ba bayan wata shida. Amma "na yi awa guda ina zagaye, wayata ta mutu, na fara kuka a zuci, sai wani dattijo ya bar abin da yake yi ya raka ni har ƙofar wurin" zai dawo maka da ranar ɗungurungum. Ka rubuta a cikin awa 24. Bayan kwana biyu ko uku ƙwaƙwalwa takan fara gyara labari, ko ta rage shi ya zama ba komai, ko ta ƙara masa gishiri.

Tambayar da za ka yi wa kanka kowane dare ita ce irin wadda Na'omi ta yi wa Rut: ina kika yi kala yau? Ka tuna wannan matar ce ta dawo Baitalami tana cewa kada a ƙara kiranta Na'omi, a kira ta Mara, domin rayuwa ta yi mata ɗaci. Abin da ya fara juya bakinta daga ƙorafi zuwa sa albarka shi ne sha'ir ɗin da surukarta ta shigo da shi, da labarin wani mai gona da ya ce wa ma'aikatansa su riƙa zare zangarniya daga dammuna suna yar mata da gangan. Rut ba ta san shi ba lokacin da ta shiga gonar. Littafin ma cewa ya yi ta faɗa gonar Bo'aza ne kamar bisa sa'a, ya bar mai karatu ya gane hannun da ke baya. Sai da aka zauna da yamma aka bi labarin daki-daki sannan Na'omi ta ga abin da ke faruwa. Al'adar bin ranar da ta wuce a gaban Allah ta daɗe a cikin ikilisiya. Tsarin binciken zuciya na Ignatiyus na Loyola, wani limamin Katolika da ya rasu a 1556, da godiya yake farawa.

A makon farko za ka iya samun abu ɗaya ko biyu kacal. Ba laifi. Ka ci gaba har kwana 30 kafin ka yanke hukunci ko abin yana amfani. Abin da yakan faru shi ne ido ya buɗe, ba wai mutane sun ƙara kirki ba. Rijiyar da Hajaratu ta gani a jeji, Farawa 21:19 ba ta ce a lokacin aka haƙa ta ba, cewa ta yi Allah ya buɗe idanunta. Ka sauke ma'aunin kuma: wanda ya riƙe maka ƙofa hannunka cike da kaya, ma'aikaciyar da ta sake yi maka bayani karo na uku ba ta ɗaure fuska ba, duk su shiga. Yesu ya ƙidaya ko da moɗar ruwan sanyi (Matiyu 10:42).

Daga littafin zuwa addu'a

Rubutu kaɗai zai iya tsayawa a matsayin jerin mutanen kirki. Abin da ke mai da shi dogara ga Allah shi ne a kai shi gabansa. Bayan ka rubuta, ka yi gajeriyar addu'a mai kashi uku: ka gode wa Allah kana faɗin abin da sunansa; ka roƙa wa mutumin albarka, ko da "mai jar hula" kawai ka san shi; sannan ka ɗauko matsalar da har yanzu ba ta warware ba ka ajiye ta kusa da abin da ya faru. Misali: "Ya Uba, ka ga ni yau a tasha ka aiko wanda ya taimake ni. Maganar aikin nan ma tana gabanka." Kashi na uku ne gadar. In babu shi, godiyar tana gefe guda, fargabar tana gefe guda, ba su taɓa haɗuwa ba.

Sau ɗaya a mako ka karanta abin da ka rubuta, ka sa aya guda a ƙarƙashin wanda ya fi taɓa ka. Zabura 103, Zabura 121, Matiyu 6:25-34 da Filibiyawa 4:10-20 wurare ne da ba a rasa abin ɗauka. Dalilin sa aya shi ne tsari: Maganar Allah ce take fassara abin da ya same ka. Bulus ya riga ya sami alkawari a cikin jirgi cewa ba ran da zai salwanta, tun kafin mutum 276 su fita gaɓa su tarar da wutar mutanen Malita. Alkawarin ne ya zo da fari, wutar ta zo ta tabbatar.

Inda ake tuntuɓe

Kuskure na farko shi ne karanta abin da ba a rubuta ba. Mutanen Malita ɗin nan masu kirki su ne misali. Da maciji ya ɗafe a hannun Bulus suka ce lalle mai kisankai ne. Da suka jira bai kumbura ba, bai faɗi ba, sai suka ce allah ne. Duka biyun kuskure, a zama ɗaya. Alherin baƙo yana gaya maka Allah bai manta da kai ba. Ba ya gaya maka ka auri wane, ka bar aiki, ko ka ƙaura. Idan wani ya taimake ka a garin da kake tunanin komawa, wannan bai zama izini ba. Manyan shawarwari suna bukatar Nassi, addu'a, lissafi, da shawarar dattawan da suka san ka.

Na biyu ya shafi ba da shaida. Abu ne mai kyau a tsaya gaban 'yan'uwa a faɗi abin da Allah ya yi, amma labari yakan yi ƙiba a hanya. Karo na farko "wani mutum ya taimake ni." Karo na biyar "da na waiga ban gan shi ba, ya ɓace." Gaskiya ne Ibraniyawa 13:2 ta ce waɗansu sun sauki mala'iku ba da saninsu ba, sai dai ayar tana kiranmu ne mu karɓi baƙi, ba ta ba mu izinin naɗa wa kowane mai taimako fukafukai ba. Ka koma littafinka kafin ka yi magana, ka faɗi abin da ke rubuce, cikin minti biyu ko uku. Illar ƙari biyu ce: kai kanka ka san ka ƙara, don haka ranar da kake bukatar labarin ba zai ɗauke ka ba, mai sauraro kuma da ba a taɓa yi masa abin mamaki ba zai ɗauka Allah yana da 'yan lele. Kada ka ɗauki hoton mutumin ka watsa, ko ka faɗi abin da zai sa a gane shi, sai da yardarsa.

Na uku shi ne manne wa ɗan aike. Wanda ya taimake ka sau ɗaya bai ɗauki nauyinka ba. Wasu sukan karɓi lambar waya don godiya, bayan mako guda godiyar ta koma roƙo, mutumin ya daina ɗauka, su kuma su ce duniya ba gaskiya. Ko Basamariyen da ke cikin misalin Yesu, wanda ya kai mutumin da 'yan fashi suka raunata masauki, kwana ɗaya ya yi a masaukin. Washegari ya ba mai masauki dinari biyu, wato ladan aikin kwana biyu, ya ci gaba da tafiyarsa. Rafin Kerit da Iliya ya sha ya ƙafe, hankakin da ke kawo masa abinci safe da yamma aikinsu ya ƙare, Allah ya buɗe wata ƙofa a Zarefat. Irmiya 17:5-8 ta bambanta mai dogara ga mutum da mai dogara ga Ubangiji da kalmomi masu zafi. Saƙon godiya ɗaya ya isa. In zumunci zai tsiro, zai tsiro da kansa daga ɓangarorin biyu.

Na huɗu yana bukatar a faɗe shi ƙarara, domin masu bi da ke cikin matsi su ne abincin mayaudara. Ba kowane murmushi ne aiken Allah ba. Gibeyonawa sun zo wa Joshuwa da tsofaffin takalma da busasshen abinci, suka ce daga nesa suke alhali maƙwabta ne, aka ƙulla alkawari da su domin ba a nemi shawarar Ubangiji ba (Joshuwa 9:14). A 1 Sarakuna 13 wani tsohon annabi ya ce mala'ika ne ya yi masa magana, alhali ƙarya yake yi. Karin Magana 14:15 ta ce mara wayo ne yake gaskata kowace magana. Alamun ba su da wuyar ganewa. Alheri na gaske ba ya gaggauta ka, ba ya ce kada ka gaya wa kowa, ba ya neman ka biya wani abu tukuna kafin a ba ka, ba ya tambayar lambar sirrin asusunka, ba ya jan ka daga cikin mutane zuwa keɓaɓɓen wuri. Idan mutum ya fara da "Allah ne ya nuna mini kai" ya ƙare da maganar kuɗi ko ta jiki, ka tashi. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Mace ita kaɗai da dare, ko yaro, su nemi taimako inda akwai haske da jama'a, su kuma sanar da wani na gida inda suke. Ƙin shiga motar wanda ba ka yarda da shi ba, ba rashin bangaskiya ba ne. Yesu ya ce mu zama masu wayo kamar macizai, marasa ɓarna kamar kurciyoyi.

Ranar da babu wanda ya tsaya

Za ta zo. Za ka tsaya a bakin hanya motoci su yi ta wucewa. Mutumin da ya shekara 38 yana ciwo a bakin wani tafki a Urushalima cewa ya yi ba shi da kowa (Yahaya 5:7). Bulus ya rubuta wa Timoti cewa a ranar da ya fara kare kansa a gaban shari'a ba wanda ya tsaya masa, duk sun yashe shi, amma Ubangiji ya tsaya tare da shi (2 Timoti 4:16-17). Idan ka mai da kirkin mutane ma'aunin ƙaunar Allah, ranar da suka yi rowa za ka ce ya juya maka baya. Tushen dogara yana Romawa 5:8 da 8:32, inda aka ba da Ɗan tun muna masu zunubi. Alherin baƙo tuni ne a kan wannan.

A irin wannan rana ka rubuta gaskiya: "Yau ban ga kowa ba, kuma ya yi mini ciwo." Zabura cike take da irin wannan magana, ba a kuma cire ta ba. Sannan ka juya baya shafi goma ka karanta da murya. Don wannan daren aka tara su. Ka kuma buɗe baki ka gaya wa fasto ko wani amintacce a ikilisiya halin da kake ciki. Jiran baƙo ya gane damuwarka alhali 'yan'uwa na kusa ba su sani ba, wahalar da kai ce. Idan baƙin cikin ya wuce mako biyu yana hana ka barci, ci ko aiki, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, ka ga likita ba da jinkiri ba. Shi ma wani ne da ba ka sani ba wanda za a iya aikowa.

Kai ma baƙon wani ne

2 Korantiyawa 1:4 ta ce ana ta'azantar da mu domin mu ta'azantar da wasu da irin ta'aziyyar da muka samu. Ka sa wa kanka abu ɗaya a mako, ga wanda ba ka sani ba kuma ba zai iya rāma maka ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba littafinka ka maimaita abin da aka yi maka, domin ka riga ka san daɗinsa daga ciki. Ka ƙara minti 10 a kan lokacin fitarka. Yawancin alherin da ba a yi ba, sauri ne ya cinye shi. Wannan kuwa ba a rubuta shi, ba a kuma ba da shaidarsa, hannun hagu ma bai kamata ya sani ba.

Yadda ake yi yana da nauyi daidai da abin da ake yi. Lokacin da aka jefa Irmiya cikin rijiyar da ba ruwa sai laka, wani Bahabashe mai hidima a fada, Ebed-melek, ya je gaban sarki ya nemi izinin fito da shi. Kafin ya zura igiya sai da ya nemo tsummoki da tsofaffin tufafi, ya ce wa Irmiya ya sa su a hammata a ƙarƙashin igiyar (Irmiya 38:11-12). Mutumin da ya kwana cikin laka da yunwa, igiya tsirara za ta yanke shi. Idan za ka taimaki wani, ka tambaya tukuna: "In taya ka?" Ka rage murya in maganar kuɗi ce, ka tsaya ta inda jama'a ba za su zuba masa ido ba, in ya ce a'a ka ƙyale shi, in ya karɓa kada ka tsaya jiran ya yi ta godiya.